Kayan ƙafa iri ɗaya ga kowace motar tsere: wa ya cancanci a ba shi kwangilar?

Bakanike_Garwa:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina so in kawo wata magana game da tseren motocin da ake ginawa bisa siffar motocin da muke hawa kullum, irin gasar BTCC ta Birtaniya da gasar Supercars ta Ostareliya. Tun shekarar 2011 hukumar TOCA, wadda ke gudanar da gasar Birtaniya, ta shigo da dokar da ake kira NGTC, wadda ta tanadi cewa motocin da aka gina a ƙarƙashinta su yi amfani da kayan ƙafa na bai ɗaya, wato firam ɗin gaba da na baya, da hannayen ƙarfen da ke riƙe taya, da shokozoba, duk daga hannun kamfanonin da hukumar ta zaɓa. Bodin motar yana iya zama na Honda ko Toyota ko BMW, amma ƙafafun daga wuri ɗaya suka fito. Ni a ganina wannan tsari daidai ne, domin yana hana mai kuɗi ya sayi nasara da aljihunsa. Sai dai ina da sharaɗi guda da ba na sassautawa a kansa: duk kamfanin da za a ba wannan kwangila kada ya kasance yana da mota a cikin gasar, kuma kada ya kasance yana da alaƙar kuɗi da wata ƙungiya da ke cikinta. Tambayata gare ku ita ce, shin wannan sharaɗi ya wadatar, kuma ta wace hanya ya kamata a zaɓi ɗan kwangilar yadda kowa zai amince?

Sali_Ngaundere:
Wa'alaikumus salam, Malam. Kafin a shiga batun ɗan kwangila, yana da kyau matasan da ke cikin wannan zaure su san dalilin da ya sa aka kai ga wannan doka. A shekarun 1990, zamanin da ake kira Super Touring, kamfanonin mota kusan goma ne suke fafatawa a Birtaniya, kowanne yana ƙera nasa kayan ƙafa a asirce, yana gwaji ba dare ba rana. Kuɗin da ake kashewa ya yi ta hauhawa har kamfanonin suka fara janyewa ɗaya bayan ɗaya, ta yadda a shekarar 2000 Ford da Honda da Vauxhall kaɗai suka rage. Gasar da aka fara tun 1958 ta kusa durƙushewa. Bayan an shigo da NGTC kuwa, sai ƙananan ƙungiyoyi masu zaman kansu suka sami damar shiga, har filin ya riƙa ɗaukar motoci kusan talatin. Saboda haka ina tare da kai a kan asalin tsarin.

Injiniya_Njamena:
Ina da gyara kaɗan a kan bayanin mai tambaya, sannan ina da saɓani babba. Gyaran shi ne, ba daidai ba ne a ɗauka cewa ƙarƙashin motocin duka abu ɗaya ne, domin BMW da tayoyin baya take tura kanta, Honda kuwa da na gaba take ja, saboda haka zaman inji da giya ya bambanta, kuma rabon nauyi a kan tayoyi huɗu ya bambanta. Kayan ɗaya ne, amma yadda suke aiki a jikin kowace mota ba ɗaya ba ne, kuma wannan shi ke haddasa ƙorafin da ba ya ƙarewa tsakanin masu jan gaba da masu turin baya.

Saɓanin kuwa shi ne, tseren mota tun asalinsa gasa ce ta mutum biyu, direba da injiniya. Idan aka hana injiniya ya yi tunanin yadda zai tsara hannayen taya, ko yadda zai gina cikin shokozoba domin mai ya ratsa ta ƙananan ƙofofi da saurin da yake so, to an kashe rabin gasar. Matashin da ya karanta injiniyanci ya shiga irin wannan ƙungiya, aikinsa ya koma juya maɓalli da auna tsayin mota daga ƙasa. Ni wannan yana damuna ƙwarai, domin daga irin waɗannan gwaje-gwaje ne ake samun ilimin da daga baya yake sauka zuwa motocin talakawa.

Bakanike_Garwa:
Injiniya, na gode da ƙarin bayanin. Amma kada mu raina abin da ya rage a hannun ma'aikata. Ƙarfin sifirin, da karkatar taya ciki ko waje, da taurin sandar da ke hana mota kwanciya a kwana, da iskar taya, da saurin matsewa da sakin shokozoba, duk waɗannan ana saita su, kuma motoci biyu masu kaya iri ɗaya suna iya bambanta sosai a zagaye guda saboda saiti kawai. Mu da muke aikin gareji mun san cewa sanin saiti ilimi ne mai zaman kansa.

Hajiya_Marwa:
Ni ba makanikiya ba ce, amma na yi aiki a sashen sayayya na wata ƙungiya mai zaman kanta, kuma abin da Malam ya tambaya shi ne ainihin aikin da na sani. Rashin adalci a kwangila ba kasafai yake faruwa ranar buɗe takardun masu nema ba. Yana faruwa ne tun ranar da ake rubuta sharuɗɗan. Na taɓa ganin takardar neman kaya wadda aka rubuta awonta da siffarta ta yadda mai kaya ɗaya tak a garin zai iya cika su, sannan aka yi sanarwa a fili, aka tara kwamiti, aka buɗe ambulan a gaban kowa, kuma babu wanda zai iya nuna inda aka karya doka. Saboda haka sharaɗinka na cewa kada kamfanin ya mallaki mota a gasar bai wadatar ba. Dole a tambaya: wa ya zana kayan da ake neman a ƙera? Idan injiniyan wata ƙungiya ne ya zana, to ko da wani baƙo ne ya ƙera, ƙungiyar nan ta riga kowa sanin halin kayan da watanni. Abin da nake ganin ya dace shi ne a wallafa sharuɗɗan tun da wuri, a ba kowace ƙungiya damar yin ƙorafi a kansu kafin a kira masu nema, a bayyana yadda za a raba maki tsakanin farashi da inganci da iya kawo kaya a kan lokaci, kuma a sa wa kwangilar wa'adi, kada ta zama gado.

Abakar_Kusiri:
Hajiya ta taɓo wurin da ya dace, kuma akwai misali a Ostareliya da ya yi daidai da maganarta. Motocin Gen3 da aka fara tsere da su a 2023, wato Ford Mustang da Chevrolet Camaro, ƙungiyar Triple Eight tana da hannu sosai a zanensu, kuma ita ce aka ɗora wa alhakin tsara Camaro, kamar yadda aka ɗora wa ƙungiyar Dick Johnson Racing alhakin Mustang. Dukansu biyu suna cikin gasar. A waccan shekara ɓangaren Ford ya yi ta kukan cewa ba a daidaita motocin biyu ba. To amma ga abin lura: wanda ya ci kambun 2023 shi ne Brodie Kostecki na ƙungiyar Erebus, ba direban Triple Eight ba. Wannan ya nuna cewa wanda ya zana ba lallai ne ya ci ba, ko da yake zargin bai gushe daga zukatan mutane ba.

Sali_Ngaundere:
Abakar, ai zargin shi ne ciwon. Ko da babu maguɗi, idan 'yan kallo da sauran ƙungiyoyi suna jin cewa ana iya yi, to gasar ta yi asara. Ku tuna abin da ya faru a Formula 1 a 2008, lokacin da FIA, hukumar tseren motoci ta duniya, ta wajabta wa kowa kwamfutar inji iri ɗaya, kuma wanda ya sami kwangilar shi ne wani reshe na kamfanin McLaren. A waccan shekarar Lewis Hamilton ya ci kambun direbobi da motar McLaren. Ban ce kwamfutar ce ta ba shi nasara ba, kuma Ferrari ce ta ci kambun kamfanoni a shekarar, amma me ya sa za a buɗe ƙofar da za ta sa mutum ya yi wannan tambaya tun farko?

Injiniya_Njamena:
Dalilin da ya sa ake buɗe ƙofar shi ne, waɗanda suka iya aikin su ne waɗanda suke cikin harkar. Kamfanonin da za su iya ƙera hannun taya da zai jure dukan gefen titi a gudun da ya haura kilomita 200 a awa, kuma su ƙera ɗaruruwa masu awo ɗaya, ba su da yawa a duniya, kuma kusan kowannensu ya taɓa yi wa wata ƙungiya aiki. Idan kuka ce sai wanda bai taɓa haɗa hanya da kowa ba, za ku ƙare da wanda bai san aikin ba. Ku dubi Birtaniya. Da farko kamfanin GPR Motorsport ne ke ƙera firam da kayan ƙafa na NGTC, sai a 2016 aikin ya koma hannun RML. Wannan RML ita ce ƙungiyar da Jason Plato ya ci kambun BTCC na 2010 da motarta Chevrolet Cruze, kuma ita ce ta riƙa cin gasar duniya ta WTCC da Chevrolet a farkon shekarun 2010. Lokacin da aka ba ta kwangilar ta riga ta bar gasar Birtaniya da 'yan shekaru. A ganina wannan shi ne iyakar abin da za a iya nema: gwani wanda ya san filin, amma wanda a yanzu ba shi da mota a ciki.

Bakanike_Garwa:
To Injiniya, ai mun haɗu ke nan a kan sharaɗina. Ban ce kada ya taɓa yin tsere ba. Na ce kada ya kasance yana ciki a lokacin da yake sayar wa abokan hamayyarsa kaya.

Direba_Mokolo:
Ku gafarce ni in shigo da wata fuska, ni direba ne mai bin hanyar Marwa zuwa Kusiri ta Mora da Waza da Dabanga, kuma duk wanda ya san hanyar nan ya san abin da take yi wa ƙafafun mota. Abin da na lura da shi shi ne, shokozoba biyu sababbi, masu suna ɗaya, daga shago ɗaya, ba lallai su yi aiki iri ɗaya ba. Wani ya daɗe, wani ya fara zubar da mai da wuri. Idan haka take faruwa a kayan kasuwa, me zai hana ta faru a kayan tsere? Idan kamfani ya ƙera guda ɗari, dole a sami waɗanda suka fi sauran kyau ko da da kaɗan ne. Wa zai sami masu kyaun? Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna, fiye da sunan kamfanin.

Abakar_Kusiri:
Yaya Direba, tambayarka tana da amsa a aikace. Akwai na'urar da ake ɗora shokozoba a kai, ta riƙa matsa shi tana sakinsa da sauri daban-daban, ta zana ƙarfinsa a kwamfuta. Hukuma tana iya cewa duk wanda ya fita daga iyakar da aka amince a mayar da shi. Matsalar ita ce ƙungiya mai kuɗi tana iya sayen da yawa, ta gwada su duka a tata na'urar, ta zaɓi waɗanda suka fi dacewa da juna, ƙaramar ƙungiya kuwa abin da aka miƙo mata shi za ta ɗaura. Maganin wannan shi ne a ƙayyade yawan da kowa zai saya, a rufe kowanne da hatimi, kuma a raba su ta hanyar ƙuri'a. A gasar ƙarshe ta ƙananan motocin kart ta Rotax, wadda direbobi ke zuwa daga ƙasashe da yawa, ta ƙuri'a ake raba motocin da injinansu, kowa ya ɗauki abin da rabonsa ya ba shi.

Malam_Gidar:
Allah ya saka muku da alheri, ina karantawa ina ƙaruwa. Abin da ya zo mini a rai shi ne kasuwar hatsi. Mudu ɗaya ga kowa abu ne mai kyau, babu mai jayayya a kai. Amma mai ajiye mudun da ake gwada sauran da shi bai kamata ya kasance yana da buhunan gero a kasuwar ba. Saboda haka ni ina ganin bayan mai zane da mai ƙira akwai mutum na uku da ba ku ambata ba, wato mai duba kayan ranar tsere.

Sali_Ngaundere:
Malam, Allah ya ƙara basira, wannan batu ya faru a zahiri a Amurka. Tun farkon 2020 Roger Penske ya mallaki gasar IndyCar da filin Indianapolis, alhali yana da ƙungiyarsa a cikin gasar. A 2025, lokacin neman gurbin shiga tseren Indianapolis 500, aka gano cewa an taɓa wani sashe na bayan motoci biyu na ƙungiyarsa, sashen da doka ta ce a bar shi yadda ɗan kwangila ya kawo shi. An mayar da motocin Josef Newgarden da Will Power ƙarshen layi, an ci tara, kuma Penske ya sallami manyan shugabannin ƙungiyar. Hukuncin ya yi tsauri, amma abin da sauran ƙungiyoyi suka riƙa tambaya shi ne yadda za a yi masu duba motoci su kasance ma'aikatan mutumin da motarsa suke dubawa. Wannan ne ya ƙarfafa kiran a kafa masu hukunci masu cin gashin kansu.

Injiniya_Njamena:
Tun da an ambaci IndyCar, bari in yi amfani da ita in kare matsayina na farko, kuma in faɗi inda take ba ku hujja. A can kowa yana amfani da shasi ɗaya na kamfanin Dallara, amma an bar shokozoba a buɗe, kowace ƙungiya ta ƙera ko ta gyara nata. Wannan ya bar wa injiniyoyi fili, abin da nake so ke nan. Sai dai sakamakonsa shi ne manyan ƙungiyoyi sun tattara kuɗinsu a wannan wuri ɗaya da aka bari. Kuɗi ba ya ɓacewa daga tsere, wuri kawai yake canzawa. Ostareliya ta ga haka, shi ya sa a 2019 ta hana ɗaura sifirin biyu a kan shokozoba ɗaya, sannan a 2020 ta wajabta shokozoba na bai ɗaya daga kamfanin Supashock na birnin Adelaide. Amma idan an rufe wannan ƙofa, mai kuɗi zai koma ya kashe a kan kwamfutar kwaikwayon tsere da ƙarin ma'aikatan nazarin bayanai. Don haka kada a yi wa ƙananan ƙungiyoyi alkawarin da ba za a iya cikawa ba.

Hajiya_Marwa:
Akwai kuma haɗarin da ke tattare da dogara ga mai kaya ɗaya, wanda duk mai sayayya ya sani. Ranar da ya gaza, kowa ya gaza tare. Ga kuma batun farashi, domin wanda doka ta tilasta a saya a wurinsa ba shi da abokin gasa da zai sa ya sauko. Idan ba a rubuta farashin kowane ƙarfe a cikin kwangilar ba, tare da yadda za a riƙa sabunta shi, to abin da aka yi domin rage tsada zai iya zama hanyar tatsar ƙungiyoyi. Ni da za a tambaye ni, sai in ce hukumar gasar ta mallaki zanen da kanta, ta yadda idan ɗan kwangila ya gaza ko ya tsawwala, za ta iya ɗauke aikin ta ba wani ba tare da an jefar da kayan da ƙungiyoyi suka riga suka saya ba.

Abakar_Kusiri:
Maganar Hajiya ta gazawar bai ɗaya ta faru a NASCAR, wata babbar gasar tseren motoci ta Amurka. A 2022 suka shigo da motar Next Gen, wadda kusan dukkan sassanta daga keɓaɓɓun 'yan kwangila suke, shokozoba daga Öhlins, giya daga Xtrac, burki daga AP Racing. A farkon shekarar an yi fama da ƙarancin kaya. Abin da ya fi muni shi ne bayan motar ya yi tauri da yawa, ta yadda idan ta bugi bango da baya, dukan yana isa jikin direba. Kurt Busch ya sami rauni a ƙwaƙwalwa a filin Pocono a watan Yulin 2022, kuma bai koma tseren cikakken lokaci ba. Ƙungiyoyin ba su da ikon gyara komai da kansu, domin a watan Maris na 2022 an zaftare wa Brad Keselowski maki 100 saboda ƙungiyarsa ta taɓa wani sashe na ɗan kwangila. Sai da hukumar ta sake tsarin bayan motar domin kakar 2023. Idan an hana mutum gyara abin da ransa ya dogara a kai, to wanda ya hana shi ya ɗauki nauyi mai girma.

Umma_Abeshe:
Ni sabuwa ce a kallon wannan wasa, ta dalilin Mehdi Bennani na Maroko na fara bibiya, wanda ya ci kambun TCR na Turai a 2020. Ina so in tambaya, me ya sa ba za a bi hanyar TCR ba, wato wani tsarin tseren irin waɗannan motoci? Kamar yadda na fahimta, tun da aka fara ta a 2015 kowane kamfani yana ƙera motarsa, ana ƙayyade farashin da za a sayar da ita, sannan a daidaita su ta hanyar ƙara nauyi ko rage ƙarfin inji ko ɗaga tsayin mota. Ta haka babu buƙatar ɗan kwangila ɗaya.

Injiniya_Njamena:
Ƙanwata, fahimtarki daidai ce, kuma tsarin ya yaɗu a ƙasashe da yawa saboda sauƙinsa. Sai dai rigimar ba ta tafi ba, ta koma kan kwamitin da ke yanke yawan nauyin da kowace mota za ta ɗauka. Duk wanda aka ƙara wa nauyi yana ganin an zalunce shi, kuma ana zargin wasu da ɓoye ainihin gudunsu lokacin gwaji domin a sassauta musu. A NGTC ana jayayya a kan wanda ya ƙera, a TCR ana jayayya a kan wanda ya auna.

Bakanike_Garwa:
Ina godiya ga kowa. Bayan abin da Hajiya da Malam na Gidar suka kawo, sharaɗina yana nan, amma ina so in ji ra'ayinku a kan wani abu da ya taso daga maganar Injiniya game da RML. Idan kamfani ya bar gasa sannan aka ba shi kwangila, shekara nawa ya kamata ya yi a waje kafin a ɗauke shi a matsayin wanda ba shi da ɓangare? Kuma idan wa'adin kwangilar ya ƙare ya ce zai dawo da motarsa, alhali ya san sirrin saitin kowace ƙungiya da ya yi wa hidima, a bar shi ya shigo nan take?

Hajiya_Marwa:
A bar shi ya shigo, amma ba nan take ba, kuma a rubuta tsawon jiran a cikin kwangilar tun ranar sa hannu. Sannan ma'aikatan da suka riƙa karɓar shokozoban ƙungiyoyi domin gyara su ma sharaɗin ya hau kansu, domin ilimin yana cikin kawunansu ne, kuma gobe wata babbar ƙungiya tana iya ɗaukar ɗaya daga cikinsu aiki da albashi mai tsoka.

Injiniya_Njamena:
Hajiya, a kan kamfanin na yarda, amma a kan ma'aikata ban yarda ba. Mutumin da sana'arsa ita ce gyaran shokozoban tsere, wuraren da zai iya samun aiki ƙalilan ne, kuma dukansu a cikin wannan harka suke. Idan aka hana shi aiki na shekara ɗaya ko biyu, wa zai ciyar da iyalinsa? In dai za a sa wannan sharaɗi, to hukumar gasar ta biya shi albashin watannin da zai zauna, kuma wannan kuɗi a ƙarshe daga aljihun ƙungiyoyin zai fito, ciki har da ƙananan da ake son a kare.